Sunan Baiwa a Bakin Waƙa

Waƙar daɓen nan da ake kira Ƙasa Kwanta ba ta kowa ba ce, kuma Shekara mai daddawa ba ta taɓa cewa ta wani ce ba. Kakarta ta yi ta, kakar kakarta ma ta yi ta. Baiti ɗaya ne tal da amshinsa. Mai bayarwa ta ce "ƙasa kwanta," mata su ce "mai ɗaki na tafe," a yi ta dukan ƙasa da madaɓi har kafaɗa ta mutu. Duk mai baki a Matamaye na iya ɗaukarta, ba wanda zai ce masa don me.

Abin da Shekara ta yi faɗa a kai, har ta ɓata da rabin masu sayen daddawarta, shi ne aikin da Baiwa ta yi wa waƙar.

Baiwa ta girme ta da shekara uku. Unguwarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya tun suna ƴan mata. Mace ce mai sanyin magana, ba ta da hayaniya, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Ita ta lura cewa in mata na daɓe, tsakiyar ɗaki suke ta duka, don nan hira ta fi daɗi, kusurwoyi kuwa sai a shafa su sama-sama, damina ɗaya gara ta huda su. Sai ta ɗauki tsohuwar waƙar kamar ƙyalle, ta yanka, ta ɗinka mata wuya da hannuwa. Ta raba mata sahu biyu: na gaba su sauke madaɓi a kan "ƙasa," na baya a kan "kwanta," kowace ta sami numfashi ɗaya na hutu, dukan kuwa bai yanke ba. Ta saka sunayen garuruwa huɗu a ciki, Kurni, Yauri, Dungu da Kance. Kafin a fara, za ta nuna kusurwoyin ɗaki ɗaya bayan ɗaya ta raɗa wa kowace sunan gari. In ta ce "mu je Kurni mu gaida dangi," sahu biyun nan su ja gwiwa zuwa kusurwar Kurni, su yi baiti bakwai a can. Tsakanin gari da gari kuma ta sa wani dogon baiti da ba a duka a cikinsa, baitin ruwa, tana jan sa a hankali daidai lokacin da za a yayyafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ɗakin da aka daɓe da waƙar Baiwa, bayan shekara goma ka zubar da gero a ƙasa ka kwashe, ba za ka tauna tsakuwa ɗaya ba. Mace ɗaya ta yi wannan, da kanta, ba malamin da ya koya mata.

Mata ba su da takarda, amma suna da ƙa'ida. Wadda duk ke son bayar da waƙar wata a gidan daɓe, sai ta kai goro ta nemi izini, kuma sai ta kira sunan mai ita kafin madaɓi ya taɓa ƙasa. Shekara ashirin ana buɗe daɓe a ƙasar nan da cewa, "Ƙasa Kwanta ta kakanni, ɗinki na Baiwa." Baiwa ba ta taɓa hana kowa ba. Goron ma rabar da shi take yi, haƙoranta ba sa so.

A shekarar da Nasara suka fara yanka hanya daga Damagaram, wani ciwon maƙogwaro ya kama Baiwa. Ta tashi, amma muryar ba ta tashi ba. Sai raɗa, sai ka kai kunne bakinta. Shekara ta karɓi bayarwa, ita da muryarta kamar ana jan ƙyauren kara a kan tsakuwa. Ta sani, kowa ya sani. Amma ba ta taɓa tsallake baiti ba, ba ta taɓa manta sunan ba.

To, akwai wani makaɗin kalangu daga Kurni, Illa, ɗan marigayiya Tanna wadda ta yi shekaru tana daɓe a bayan Baiwa. A goye ya fara jin waƙar. Gaskiya dai a faɗe ta, Allah ya ba yaron nan hannu, ya ba shi murya. Ya ɗora waƙar a kan kalangu, ya ƙara mata sauri, ta zama ta rawa. Baitin ruwa ya ga yana sanyaya masu rawa, ya zubar da shi. Yauri da Dungu da Kance ya ga ba garinsu ba ne, ya zubar da su, ya bar Kurni tana ta dawowa. Ranar kasuwa in ya taɓa kalangun nan, har masu awon gero sai su saki tiya.

A nan kumandan ya ji shi, ran da ya zo rangadi. Wani dogon Banasare ne mai son tara waƙoƙi a littafi. Ya tambaya ta bakin tafintansa Manu, waƙar wa ce? Illa ya ce tasa ce. Aka rubuta. Aka ba shi takarda mai hatimi, cewa a bariki da wurin taron kumandan ba mai yin wannan waƙa sai shi.

Labari ya iske Shekara tana ƙulla daddawa. Ko hannu ba ta wanke ba, ta nufi inda Illa yake a kasuwa.

"Kai, ɗan Tanna! Zo nan."

"Inna, ina wuni? Ya ƙafa?"

"Ƙafata lafiya lau, ita ta kawo ni. Waƙar wa ka ce wa Nasara taka ce?"

"Haba Inna. Ƙasa Kwanta ai ta kowa ce. Ke da bakinki kike faɗa."

"Ta kowa ce. To yi ta yadda kakarka ta yi ta, baiti ɗaya, mu ga ko akuya za ta tsaya ta saurare ka. Wa ya sa Kurni a ciki?"

"Ni ai ɗan Kurni ne."

"Kurnin da ke cikin waƙar nan ta girmi wayonka. Kana bayan uwarka kana zubar mata da yawu a wuya aka sa ta. Ina goron Baiwa? Ina sunanta?"

Mutane sun fara taruwa. Illa ya yi dariya, ya cire hula, ya zaro takardar daga ciki ya buɗe a gabanta.

"Ga abin da kumandan ya ce, Inna."

"Karanta mini."

Ya juya takardar sama da ƙasa.

"Af. Ni ban iya ba, kai ba ka iya ba. Mayar da ita hula ta sha gumi. Kai kana da takarda, ni ina da mata talatin masu kanta a gwiwa."

Aka yi dariya, amma dariya ba ta mayar da suna ba. Illa ya rataya kalangunsa ya wuce.

Daga kasuwa ta zarce gidan Baiwa. Ta iske ta a inuwar rumbu tana ɓarar wake. Ta zauna ta zazzage mata labarin duka, da zagin da ta yi da wanda ba ta samu ta yi ba. Baiwa ta yafito ta da hannu, Shekara ta kai kunne.

"Ya iya?"

"Ya iya me, Yaya?"

"Waƙar. Ta yi daɗi a bakinsa?"

Shekara ta juya kai gefe. Da ƙyar ta ce, "Ɗan banzan ya iya."

Baiwa ta yi murmushi. "Baitin ruwa fa?"

"Ya zubar."

"Ash," in ji Baiwa, ta ci gaba da ɓarar wakenta. Amma Shekara ta ga ta daɗe riƙe da kwanso ɗaya ba ta ɓare ba. Mace ta rasa murya, abin da ya rage mata a bakin mutane sunan nan ne, a zo kuma a cire shi. Shekara ta tashi ta ɗaure zani.

Ta je wurin mai gari. Ya ce maganar da hatimin Nasara ya hau ta fi ƙarfinsa, ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ba nata ba ne balle ta bayar. Ta je wurin Manu tafinta. Ya ce kumandan ba ya zaman shari'ar waƙar mata. Ta koma sau uku, a na ukun soja ya raka ta har bakin hanya da gindin bindiga.

Bayan kaka aka gama ginin sabon ɗakin bariki, inda kumandan zai riƙa sauka. Aka ce wa mai gari ya kawo mata su yi daɓe. Mata talatin suka zo da madaɓansu, aka baza marmara, aka jera tulunan makuba. Shekara ta nuna kusurwoyi kamar kullum, wannan Kurni, wannan Yauri, wannan Dungu, waccan Kance. Ta durƙusa, ta buɗe baki.

"Ƙasa Kwanta ta kakanni, ɗinki na..."

"Tsaya, Inna," in ji Manu daga bakin ƙofa. "Nan bariki ne. Mai takarda ne zai bayar."

"Kai Manu, waƙarsa ta rawa ce. Daɓen nan ba zai riƙe ba."

"Duka ai duka ne, Inna. Ku dai ku bi shi."

"Na faɗa maka a gaban mutane?"

"Kin faɗa. Ku fara, rana na yi."

Shekara ta juya ta dubi matan. "To, kun ji. Abin da mai waƙa ya ce, shi za mu bi. Kada wadda ta ƙara, kada wadda ta rage."

Namiji ba ya shiga ɗakin daɓe. Illa ya tsaya a waje, ya ba ƙofa baya, ya fuskanci inuwar tsamiya inda sojoji ke zaune suna kaɗa kai. Ya taɓa kalangu. Wallahi kiɗan ya yi daɗi, har Shekara sai da ta ji kafaɗarta na so ta motsa, ta danne. Ya ce "mu je Kurni mu gaida dangi," mata suka ja gwiwa zuwa Kurni. Suka yi baiti bakwai, suna jiran baitin ruwa, bai zo ba. Ya sake cewa Kurni. Suka zauna a Kurni. Tun hantsi har la'asar suna gaida dangi a Kurni, wasu suna toshe baki da bakin zani don dariya. Kusurwar nan ta yi ƙarfi, tana sheƙi kamar bayan tukunya. Dungu kuwa ko sannu ba wanda ya je ya yi mata. Da yamma Manu ya ce a zuba makuba a tashi. Aka zuba, ɗaki ya yi duhu bai ɗaya, ba ka bambanta inda aka daka da inda ba a taɓa ba.

Kwana tara kumandan ya dawo. Aka kafa masa gadonsa na ƙarfe a kusurwar Dungu, don can iska ke shiga. Bayan azahar ya kwanta ya huta. Ƙafar gado biyu suka nutse har rabi, gado ya kife, shi da gidan sauronsa da tulun ruwansa suka haɗu a ƙasa. An ce har rijiyar bayan gari an ji ihunsa.

Kafin la'asar an tara mata talatin a gindin tsamiya, ga mai gari, ga Illa da kalangunsa. Kumandan na zaune, gwiwar hannunsa ɗaure da ƙyalle. Manu ya ce kumandan na tambaya, wace ce shugabar ragwayen nan?

Shekara ta miƙe. Ta fara tun daga kakanni. Ta faɗi sahu biyu, ta faɗi garuruwa huɗu, ta faɗi baitin ruwa, ta faɗi goro da suna, ta faɗi sau uku da ta zo aka kore ta. Da ta tsaya, Manu ya juya ya yi wa kumandan kalma huɗu ko biyar.

"Kai Manu! Na yi magana mai tsawon igiyar guga, ka mayar da ita tsawon yatsa. Ina ka kai sauran?"

"Inna, ba duka ake faɗa wa Nasara ba."

"To bar shi, idonsa ba ya bukatar tafinta."

Ta ɗauki kara ta zana ɗaki a kan rairayi, ta nuna kusurwoyi. Mata suka durƙusa a ciki. Ta ce wa Illa, "Kaɗa, ɗan Tanna. Yadda ka yi rannan." Ya dubi mai gari, mai gari ya ɗaga masa kai. Ya kaɗa. Ya ce Kurni, mata talatin suka taru a kusurwa ɗaya. Ya sake cewa Kurni, ba su motsa ba. A karo na uku sai ya tsayar da kiɗan. Yau ne karon farko da ya ga abin da waƙar ke yi da idonsa. Kumandan ya dubi matan, ya dubi ƙofar ɗakinsa, ya sake duban matan.

Shekara ta riga ta aika a ɗauko Baiwa a kan jaki. Aka sauke ta, aka kai ta cikin ɗakin, aka tone daɓen da ya lalace, aka baza sabuwar marmara. Aka zaunar da ita a tsakiya a kan ƴar kujera. Shekara ta durƙusa a gefenta za ta kai kunne don ta riƙa ɗaga mata murya. Baiwa ta ture ta a hankali.

Da raɗa ta bayar. Ba wanda ya ce wa matan komai, amma sai suka sassauta duka don su ji ta, madaɓi talatin suna sauka kamar ana tafi da hannu ɗaya, sahun gaba, sahun baya. Ta kai su Kurni. Ta ja baitin ruwa, dogon nan, muryar kamar iska a cikin kara, ɗaki ya yi tsit har ana jin ƙasa na shan makuba. Ta kai su Yauri. Da ta kai su Dungu sai wata ta ce, "Dungu, ki yafe mu, mun daɗe ba mu zo ba," aka fashe da dariya, amma madaɓi ko ɗaya bai kuskure ba. Shekara tana duka tana kallonta. Shekaru hamsin ke nan ta san matar nan, har yanzu ba ta gane yadda aka yi kai ɗaya ya ɗauki wannan duka ba.

Kumandan na tsaye a bakin ƙofa da littafinsa. Illa na bayansa, ya sauke kalangu daga kafaɗa.

Da aka fito, kumandan ya sa Manu ya tambaya: to yanzu waƙar ta wa ce? Shi wurin suna ɗaya gare shi a littafi.

"Ka ce masa ya ƙara wuri," in ji Shekara. "Tsohuwar ta kowa ce, ko shi in yana so ya je garinsu ya yi. Sahu biyu da garuruwa huɗu da baitin ruwa na Baiwa ne. Shi ke nan."

Ta ji an ja mata zani. Baiwa ce, tana nuna Illa da haɓa. Shekara ta yi kamar ba ta gani ba. Aka sake ja.

"Kalangun kuma," ta ce, kamar ana cire mata haƙori, "da saurin, nasa ne. Ba wanda ya taɓa ɗora ta a kan fata sai shi. Kuma ya iya. Amma a kan ɗinkin Baiwa ya ɗora, bai kai goro ba, bai kira suna ba."

Wannan karon Manu ya daɗe yana magana. Kumandan ya yi rubutu. Ya karɓi takardar da ke hular Illa ya ja layi a wani wuri, ya ce dokar ta tsaya ga kiɗan kalangu, mata su yi daɓensu da waƙarsu ko a ina. Shekara ta ce a nuna mata inda aka sa Baiwa. Manu ya ɗora yatsa a ƙarƙashin wani ɗan baƙi a gindin shafi.

"Wannan ɗan kashin ƙudan ne Baiwa? Na Illa fa?"

Ya nuna mata, a sama, manya-manya.

"Ya riƙe littafinsa. Wa zai ji ta a cikin akwati a Damagaram? Ni a baki nake son sunan." Ta juya kan Illa. "Kai nake jira."

Illa ya ajiye kalangu a ƙasa. Ya je gaban Baiwa ya tsuguna. Ta yafito shi, ya kai kunne. Abin da ta ce masa, daga baya shi ya faɗa da kansa: "Tanna a sahun baya take zama, ta hagu. Kai ne ke kuka in an zo baitin ruwa, don duka ya tsaya." Ya daɗe a tsugune kansa a ƙasa.

Washegari da hantsi ya zo da goro a ƙunshe cikin ganye, ya yi sallama a ƙofar gida kamar kowa. Shekara na nan, ta zo tun da safe don kada a yi ba ta. Ya ce, "Inna Baiwa, na zo neman izini." Baiwa ta ba shi. Ta ce a wurin rawa ya yi saurinsa, ya bar baitin ruwa in ya ga dama, ya yi ta zuwa Kurni har ya gaji. Wurin daɓe kuwa kada ya ƙara kusanta. Shekara ta ce saura suna. Baiwa ta ɗauki goro ɗaya ta tura mata a hannu don ta yi shiru. Ta karɓi goron, ba ta yi shirun ba.

Ranar kasuwa ta ɗauke faifan daddawarta daga inda ta saba zama, ta kai shi daf da inda Illa ke kiɗa. Ya gan ta. Ya gyara kalangu, ya ɗaga murya.

"Ƙasa Kwanta ta kakanni, ɗinki na Baiwa, kiɗa na Illa!"

Ya ɗaga makaɗi zai sauke.

"Tsaya!" in ji Shekara. "Ka haɗiye Baiwa ka ja Illa. Masu awon gero ba su ji ba. Sake."

"Haba Inna!"

"Sake, na ce."

Ya sake. Ya ja sunan Baiwa har numfashinsa ya kusa ƙarewa, har masu jakai a bakin kasuwa suka waiwayo. Sannan Shekara ta zauna, ta buɗe faifanta, ta ce wa matar da ke kusa da ita ta ruga gida ta gaya wa Yaya an kira ta.